Jagorar Sayen Motar Amurka Ta Hannu A Madarunfa: Wane Inji Ya Dace Da Kai?

Duk wanda ya tara ƴan kuɗinsa a Madarunfa ya ƙudurta sayen mota, ko kuɗin cinikin aya da wake ne, ko albashi ne aka yi shekaru ana matsewa, da wuya ya kwana biyu yana tambaya ba a ce masa ya nemi ƴar Amurka ba. Shawara ce mai tushe. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da faɗin ciki, da kilim mai ƙarfi, da jikin da ke jure doguwar tafiya. Sai dai mafi yawan masu saye a wurin fenti da kujeru suke tsayawa. Sukan zagaya motar sau uku, su ƙwanƙwasa ƙofa, su kunna rediyo, sannan su leƙa ƙarƙashin kafo na minti ɗaya kamar masu gaisuwar surukai. Alhali abin da za ka zauna da shi shekara biyar ko goma yana nan ƙarƙashin kafon. Mota iri ɗaya, ta shekara ɗaya, tana iya zuwa da inji iri biyu ko uku, kuma tsakanin wannan da wancan akwai bambancin jikkuna masu yawa a shekara.

Mece ce ƴar Amurka?

A bakin dillalan Maraɗi da Katsina da Kano, sunan nan ya haɗa gida biyu. Gida na farko shi ne na motocin kamfanonin Japan da ake ƙerawa a cikin Amurka, wato Toyota Camry da ake haɗawa a Georgetown ta jihar Kentucky, da Honda Accord ta Marysville a jihar Ohio. Gida na biyu shi ne na kamfanonin Amurka na asali: Ford Fusion, Chevrolet Malibu da Impala, Dodge Charger da Chrysler 300. Dukansu ta teku suke zuwa. Shekaru da dama tashar jirgin ruwan Kwatano ce babbar ƙofarsu, su biyo ta Gaya su shigo ƙasa, shi ya sa har yau ake cewa ƴar Kwatano. Tun da aka rufe iyaka da Binin a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin kawo mota ya ƙaru. Wasu kuma daga Nijeriya suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, bayan sun yi aiki a hannun wani a can.

Fara da tambayar kanka

Kafin ka tambayi dillali komai, ka zauna ka lissafa inda motar za ta riƙa zuwa. Idan yawancin tafiyarka daga Madarunfa zuwa Maraɗi ce, wadda ba ta wuce kilomita 25 ba, da kai yara makaranta, da zuwa kasuwa, to ba ka buƙatar babban inji. Idan kai mai yawan zuwa Yamai ne, tafiyar sama da kilomita 600, da iyali da kaya cike da bayan mota, ƙarfin inji zai yi maka amfani wurin wuce manyan motoci. Idan kuwa kullum kana cikin ƙauyukan Gabi ko gefen dajin Baban Rafi, inda rairayi ke kama taya da rani, laka ta kama ta da damina, to ka sani waɗannan motoci gajeru ne, tsakanin cikinsu da ƙasa bai wuce santimita 13 zuwa 16 ba. Babu girman injin da zai ɗaga cikin mota daga rairayi. Mai irin wannan hanya gara ya nemi mota mai tsayi tun farko.

Tambaya ta biyu ita ce: wa zai gyara ta? Ka je garejin da ka saba, ka tambayi makanikinka wane inji ya taɓa buɗewa ya rufe lafiya, kuma kayan wanne ake samu a Maraɗi cikin yini ɗaya, wanne sai an aika Katsina ko Kano. Amsarsa ta fi duk abin da za ka gani a jikin motar muhimmanci.

Injinan Camry

Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda dillalan Nijeriya ke kira Big Daddy, ta zo da inji mai silinda huɗu na lita 2.4, mai suna 2AZ-FE, da kuma masu silinda shida na lita 3.0 da 3.3. Ƙaramin yana aiki da sarƙa, manyan kuwa da bel na roba, wanda makanikanmu ke kira kuruwa, kuma ana canza shi duk bayan kimanin mil 90,000. Raunin da aka sani a ƙaramin injin na waɗannan shekaru shi ne, idan ya yi zafi sosai, ramukan kusoshin da ke riƙe da kan inji sukan lalace, ruwa ya fara zuba ta bayan inji. Duk wadda aka ce maka an taɓa buɗe kan injinta, ka bincika sosai. Motocin nan sun haura shekara ashirin ko suna gab da haka, don haka tarihin kulawar da suka samu ya fi sunan injin nauyi.

Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake kira Muscle, ita ce ta fi yawa a hannun mutane, kuma a nan ne ya kamata ka fi buɗe ido. Daga 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗun 2AZ-FE ne, mai ƙarfin doki 158, kuma injinan waɗannan shekaru sun yi suna wurin shan baƙin mai saboda zoben fistin ɗinsu, har kamfanin Toyota da kansa ya amince da matsalar ya gyara wa masu motoci da yawa a Amurka. Ba kowace ce ke yi ba, amma wadda ke yi za ta sa ka riƙa ƙara mai tsakanin bidanj da bidanj, ranar da ka manta kuma inji ya buga. Daga 2010 aka sauya shi da 2AR-FE na lita 2.5, mai ƙarfin doki 169 da giya shida maimakon biyar. Jikin motar kusan ɗaya ne, amma injin ya fi na baya lafiya nesa ba kusa ba. Saboda haka tsakanin Muscle ta 2008 da ta 2010, ƙarin kuɗin da za a nema a kan ta biyun ya cancanta.

Babban injin Muscle shi ne 2GR-FE, mai silinda shida, lita 3.5, ƙarfin doki 268. Inji ne nagari mai aiki da sarƙa. Abu biyu ake dubawa a jikinsa: famfon ruwa, da wani bututun baƙin mai wanda a motocin farko-farko yana da guntun roba a tsakiyarsa. Robar takan fashe mai ya tsiyaye cikin ƴan mintoci. Daga baya an fitar da bututun ƙarfe zalla, don haka ka sa makaniki ya duba wanne ne a jiki.

Camry ta 2012 zuwa 2017 ta ci gaba da waɗannan injina biyu, ƙaramin ya koma ƙarfin doki 178. A na 2012 zuwa 2014 masu silinda huɗu akwai waɗanda giyarsu ke ɗan karkarwa idan ana tafiya a hankali tsakanin kilomita 40 da 80 a awa, kamar an hau hanya mai ƙananan kunyoyi. Ka nemi wannan da gangan lokacin gwaji.

Injinan Accord

Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda aka fi sani da EOD da DC, tana da mai silinda huɗu na lita 2.4 daga gidan K24, mai sarƙa, da mai silinda shida na lita 3.0 mai bel. Ƙaramin yana cikin injinan da suka fi daɗewa a hannun talaka. Babban kuwa yana da daɗin tuƙi, amma giyar otomatik ɗinsa, musamman ta 2003 da 2004, ta ba mutane da yawa wahala, kuma idan bel ɗinsa ya tsinke ana tafiya, bawuloli sukan lanƙwashe, gyara ya koma na buɗe inji. A na 2008 zuwa 2012, babban injin ya zama lita 3.5, da wata dabara ta kashe wasu silindoji don rage shan fetur, wadda ta jawo wa motoci da dama shan baƙin mai da ƙonewar buji, wato fulogi a bakin ƴan Katsina. Daga 2013 mai silinda huɗun ya koma amfani da giyar CVT, wadda ba ta karɓar kowane man giya sai nata. Wanda ya zuba mata man giya na gama-gari ya kashe ta.

Akwai kuma maganar rai. Accord na 2003 zuwa 2007 suna cikin miliyoyin motocin da aka yi kiran a mayar don canza jakar iskar kamfanin Takata, wadda kan fashe ta watsa ɓaraguzan ƙarfe, kuma zafi da laima ne ke ƙara haɗarin. Da lambar shasi ana iya dubawa a intanet ko an canza ta kafin motar ta baro Amurka.

Ford, Chevrolet da Dodge

Waɗannan sukan zo da araha idan aka kwatanta da Camry ta shekararsu, kuma arahar ce ke jan hankali. Dalilinta shi ne ƙarancin kayan gyara da ƙarancin masu saye idan ka tashi sayarwa. An daina ƙera Fusion da Impala a 2020, Charger da Chrysler 300 na tsohon samfuri a ƙarshen 2023, Malibu kuma a 2024. Idan duk da haka ranka ya kwanta a kan Fusion ta 2013 zuwa sama, ka nemi mai inji lita 2.5 marar tarbo. Masu tarbo da ake kira EcoBoost, musamman na lita 1.5, an san wasunsu da shigar ruwa cikin silinda. Charger da 300 kuwa suna zuwa da silinda shida na lita 3.6 ko takwas na lita 5.7. Mai takwas ɗin na masu hali ne, waɗanda ba sa lissafin fetur kuma za su iya jiran kaya daga Kano ko Legas.

Ƙa'idar da ta shafi dukansu ita ce, inji mai tarbo yana son baƙin mai na asali da fetur mai tsabta. Mu kuwa a nan, ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011, har yanzu mutane da yawa a kwalba suke saye wurin ƴan ruwa-ruwa, inda ƙura da ruwa ba sa rasa hanyar shiga. Haka nan mai haɗin lantarki da fetur, wato haibirid: tana da sauƙin shan mai ƙwarai, amma babban batir ɗinta yana tsufa, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana gaggauta tsufan, masu gyaransa kuma ba su da yawa kusa da mu.

Huɗu ko shida? Ga lissafin

A ma'aunin hukumar Amurka, Camry ta 2012 mai silinda huɗu tana shan kimanin lita 8.4 a kilomita 100, mai shida kuma kimanin lita 9.4. Mai tafiyar kilomita 20,000 a shekara zai ga bambancin lita 200 ke nan, kuma a hanyoyinmu, da kilim a kunne da yawan tsayawa, dukansu za su sha fiye da haka. Tun da Nijeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, arahar man tsallake da mutanen bakin iyaka suka saba da ita ta kau, don haka lita 200 ba abin rainawa ba ce.

Ba a fetur kaɗai bambancin ya tsaya ba. A kowane bidanj ƙaramin inji yana ɗaukar baƙin mai lita huɗu da ɗan kai, babban yana ɗaukar kimanin shida. Buji huɗu da kwayil huɗu ne a nan, shida-shida a can, kuma ukun da ke baya ba a kai musu hannu sai an kwance wani sashe na saman inji, kuɗin aiki ya ƙaru. Kuɗin binyat da asuransi su ma da ƙarfin dokin da aka rubuta a kart giris ake yanke su. Abin da mai shida ke ba ka a madadin wannan duka shi ne laushin tafiya da ƙarfin ja lokacin da mota ta cika. Ga mai doguwar tafiya kowane mako, wannan abu ne na gaske. Ga mai zirga-zirgar Madarunfa da Maraɗi, ƙarfi ne da zai biya kuɗinsa ba tare da ya mora ba.

Yadda za ka tabbatar da shekara da inji

Kada ka dogara da fitilu ko bamba wurin gane shekara, don ana sauya su a mayar da ta 2008 ta yi kama da ta 2010. Ka karanta lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka kwatanta da wadda ke jikin ginshiƙin ƙofa da wadda ke takarda. Duk ukun su zama ɗaya. Idan ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka ƙera motar. 2 Kanada ce, 3 Meziko, J kuma Japan. Na goma a jerin shi ne shekara: 7 na nufin 2007, 8 2008, 9 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har H ta 2017. A cikin kafo kuma akwai wata takarda manne da ke nuna girman injin. Idan abin da ke jiki ya saɓa da ita, an sauya inji, sai ka nemi sanin dalili.

Agogon tafiyar motocin Amurka da mil yake ƙirga, ba kilomita ba. Mil 100,000 daidai yake da kusan kilomita 161,000. Kuma ana juya agogon baya, don haka ka dubi cinyewar robar birki da sitiyari da kujerar direba, su ba sa ƙarya. Da yawan motocin nan daga kamfanonin gwanjon motocin inshora irin su Copart da IAA aka sayo su, bayan haɗari ko ambaliya, kamar wadda guguwar Harvey ta jawo a Houston a 2017. Ka sa wani yaro mai waya ya buga lambar shasin a intanet, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo sukan fito. Motar da aka buga ta gefe tana gyaruwa. Wadda ruwa ya shanye kuwa wayoyinta za su yi ta ciwo har abada, ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru.

Ranar gwaji

Ka je da sassafe da makanikinka, ba na dillali ba, kuma ka ce kada a tayar da motar kafin ku iso. Ka taɓa injin ka ji ya yi sanyi, don inji mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ka ga fitilar inji da ta jakar iska sun kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ta aka yi. Ka tsaya a bayan salansa: hayaƙi shuɗi alamar cin baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inji. Buɗe murfin mai ka leƙa. Baƙin dasƙararren abu kamar kwalta yana nuna an daɗe ba a yi bidanj ba, fari-fari kamar kindirmo kuma ruwa ne ya haɗu da mai. Ka tambaya ko an cire tamostat, ko an haɗa fanka kai tsaye, don sau da yawa hakan na nufin motar ta taɓa zafi aka rufe maganar. A duba ƙasan motar a ga ko tukunyar tace hayaƙi tana nan, ana yanke ta a sayar. Ka biya mai kwamfutar duba mota a Maraɗi ya jona mata, kuɗin kaɗan ne a kan abin da zai tsare maka.

Sannan ku hau kwalta, ku yi tafiyar da ba ta gaza rabin awa ba da kilim a kunne, allurar zafi kada ta wuce tsakiya. Ka saurari giya tana shiga ba tare da duka ko jinkiri ba. Ku sauka kan burji ku ji ƙarar ƙafafu. Da kun dawo, a bar ta a tsaye tana aiki minti goma, ka duba ƙasa ko akwai ɗigo.

Takardu da ciniki

Mota marar takardar duwan ba taka ba ce, ko ka biya kuɗinta duka. Ka ga takardar fitar da ita daga duwan da kart giris da idonka, lambar shasi ta dace. Idan mai lambar Nijeriya ce, ka je ofishin duwan ka tambayi abin da za ka biya kafin ka yi tayi, ka haɗa shi cikin farashi. A yanke la'adar dillali tun farko, a rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, kuma kada ka ba da kafin alƙalami sai makaniki ya gama dubawa. Ka kuma rage wani abu a aljihu, don ranar da mota ta shigo gida za ka canza baƙin mai da matatarsa, da matatar iska, da ruwan sanyaya inji na asali maimakon ruwan rijiya, watakila da tayoyi. Da hunturu, matatar iska tana son dubawa akai-akai, ƙurarmu ba irin ta Kentucky ba ce.

Hukunci

Ga mafi yawan mutanen Madarunfa, zaɓin da ya fi kwanciyar hankali shi ne Camry mai silinda huɗu ta lita 2.5, daga 2010 zuwa 2017, sai Accord mai lita 2.4 ta biyo baya. Mai doguwar tafiya da aljihun da zai ɗauka ya sayi Camry mai lita 3.5, ba zai yi da-na-sani ba idan ya kula da ita. Mai tarbo da mai silinda takwas a bar wa wanda ke da makaniki da kayan gyara a kusa. Amma lafiyayyen inji na biyu ya fi gajiyayyen inji na ɗaya, don haka kada ka yi gaggawa, ka duba mota biyar kafin ka sayi ɗaya. Ɗan'uwa, kuɗin nan da guminka ka tara su, ka buɗe kafo kafin ka buɗe aljihu. Allah ya sa abin hawan alheri ne, ya tsare hanya.